Shekara huɗu ina kwana a kan ruwa a Ingila

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an idar da sallah a Southall, wata unguwa a yammacin Landan, muna ta laluben takalma a bakin ƙofa sai wani ƙanina ɗan Zariya ya riƙo hannuna ya ce "Yaya wai da gaske ne a jirgi kake kwana? Ni fa haya ta kashe ni, ɗaki ɗaya tal amma kusan rabin albashina can yake tafiya, ina ta tunanin nima in tara kuɗi in sayi irin naka." Na ce masa toh madalla, amma kar ka fara lissafi tukuna, ka bari sai watan Janairu ka zo ka yi kwana uku a wurina, ka tashi da asuba ka taka ƙasan jirgin nan ba safa, ka tarar wuta ta mutu a murhu tagogi suna ta tsiyayar ruwa ta ciki, in ka yi alwala a haka ka ji har yanzu kana so to sai mu zauna mu yi maganar kuɗi. Wallahi ba korar shi nake ba. Ni ina son rayuwar nan har cikin raina kuma ban taɓa cewa da na sani ba, sai dai na ga mutane da yawa sun shigo saboda hoton da suka gani lokacin bazara, furanni a kan rufi agwagi na iyo a gefe, hunturu ɗaya suka yi suka sayar da asara.

Bari in fara da shi kansa jirgin don mutanenmu na gida da sun ji jirgin ruwa sai su ɗauka ko kwale-kwale ne ko kuma ƙaton nan na teku. Siriri ne dogo na ƙarfe, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, nawa tsawonsa ƙafa 57. In na tsaya a tsakiyar falo na buɗe hannuwana saura ƙiris in taɓa bango biyu. Komai a jere yake kamar taragon jirgin ƙasa, falo, kicin, banɗaki, ɗakin kwana, sai inji a can baya ƙarƙashin inda nake tsayawa in tuƙa. Ruwan da yake kai kuma ba kogi ba ne, kanal ne da aka haƙa da hannu, wanda ya san kanal ɗin noman rani na wajen Kadawa da Kura ya ɗan gane abin da nake nufi, sai dai su nan ba don ban ruwa suka haƙa ba, don dakon kaya ne. Na Bridgewater da aka buɗe a 1761 kwal yake kaiwa Manchester, daga nan aka yi ta haƙawa har ƙasar ta zama kamar saƙar gizo. Doki ne ke jan jirgin da igiya yana tafiya a gefe, shi ya sa kowane kanal yake da 'yar hanya a bakinsa, a nan muke ɗaure jirage yanzu masu keke da masu gudu suna wucewa. Kuma sirantar jirgin ba ado ba ne, ƙofofin ruwan da aka gina a tsakiyar ƙasar tun wancan zamanin faɗinsu ƙafa 7 ne, in ka fi haka ba ka wucewa.

Yanzu hukumar da ake kira Canal & River Trust ce ke kula da yawancinsu tun 2012, wajen mil 2,000 a Ingila da Wales, a wurinsu ake yankar lasisi. Lasisin kuma iri biyu ne a aikace, ko dai kana da matsaya ta dindindin da kake biya, wadda a Landan kuɗinta kan yi kusa da hayar ɗakin da kake gudu in ma ka samu, ko kuma ka zama irina mara matsaya. Mu dokar 1995 ce ke kanmu, ba ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya, dole ka kwance igiya ka ƙara gaba, kuma ba wai ka matsa taku ashirin ka dawo ba, tafiya ta gaske suke son gani a tsawon shekara, akwai ma'aikata masu bin gefen ruwa suna ɗaukar lambar jirage. Ni zagayena daga Little Venice da ke cikin Landan ne in bi ta Kensal Green, Alperton, Greenford, Southall, in fita kan babban layin kanal ɗin Grand Union in nufi arewa, Uxbridge, Rickmansworth, Hemel Hempstead, Berkhamsted har Tring, in lokaci ya ba ni in ƙara gaba. Ma'ana kowane sati biyu hanyar zuwa aikina canzawa take, tashar jirgin ƙasa daban, shagon cefane daban, masallaci daban. Wanda ke da yara a makaranta ya yi tunani sau goma a nan wurin.

Abin da ya fi canza ni shi ne ruwa, ruwan amfani nake nufi. A gida ka murɗa famfo ba ka tambayar daga ina ya zo ko saura nawa. A nan tanki ne a hancin jirgin, in ya ƙare ya ƙare, sai ka tada inji ka tuƙa zuwa famfon hukuma ka buɗe da ɗan mabuɗin da kowane mai jirgi ke da shi, ka jona tiyo ka zauna, wani famfon ƙarfinsa kamar zaren allura sai ka yi awa guda kana jira, in ka tarar da layi kuwa rabin yininka ya tafi. Ban taɓa sanin yawan ruwan da alwala ke ci ba sai a nan. Da ina sakin famfo ne yana zuba har in gama, yanzu buta nake cikawa kuma wallahi rabinta ma na isa ta, sai na tuna abin da malaminmu na allo ke faɗa mana game da ɓarnar ruwa ko da a bakin kogi kake, ga shi yau a kan ruwan nake zaune kuma maganar ta kama ni. Wanka kuwa jiƙa jiki, kashe, sabulu, kunna, ɗauraye. Ruwan wanke-wanke da na wanka kai tsaye kanal yake fita ta wani ɗan rami a jikin jirgi, don haka ina kula da irin sabulun da nake saya, kuma man girki ba ya shiga sinki, a kwalba nake tarawa.

Sai maganar da ba a so a yi amma dole, banɗaki. Masu jirgi in suka haɗu minti biyar ba a yi ba sai an zo kanta. Nawa mai kaset ne, wato wani ɗan tanki na roba a ƙarƙashin masai da kake zarowa in ya cika ka ɗauka ka kai wurin da aka tanada ka juye ka ɗauraye. Abin da babu wanda ya gaya min, don duk waɗanda na tambaya kafin in saya Turawa ne masu amfani da takarda, shi ne mu masu tsarki da ruwa kaset ɗinmu ninki biyu yake cika da sauri. Wanda ya sayar min ya ce yana kai shi kusan sati, ni kwana uku ya cika. In ya cika nauyinsa ya kusa kilo 20, kuma wurin juyewa wani lokacin mil guda ne ko fiye, wani lokacin ma ka je ka tarar wani ya zuba tsumman goge-goge ya toshe shi. Shawarata ga duk Musulmin da zai shiga jirgi, ranar farko ka sayi kaset na biyu, in da hali na uku, da ɗan baro mai naɗewa. Ni na uku ne ya ba ni kwanciyar hankali.

Yanzu bari in zo kan ranar da ta kusa raba ni da komai. Kanal ba ya hawa tudu da kansa, inda ƙasa ta tashi sai a gina lok, wani ɗaki ne na bulo a tsakiyar ruwa da ƙofa gaba da baya, ka shiga ka rufe, ka saki ruwan ya sauka da kai ko ka cika ya ɗaga ka. Daga Landan zuwa Birmingham a Grand Union akwai guda 166 a mil 137. Ruwan kuma da hannu ake sakinsa, akwai marafai a jikin ƙofa da ake ɗagawa da wani ƙarfe mai lanƙwasa, sak irin hannun da ake tada tsohon injin niƙa da shi, kuma haɗarinsa ma iri ɗaya ne, in ka bar shi a jiki ya kuɓuce yana iya wulwulawa ya fasa maka baki, don haka ba a sakinsa a maƙale. To a ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani dakali na dutse ko siminti da ba a ganinsa in lok a cike yake, sai ruwa ya fara sauka yake fitowa. An shafa farin fenti a bango an nuna iyakarsa, duk wanda ya koya maka tuƙi abu na farko da zai ce shi ne ka tsaya gaba da farin layin nan.

Na sani, an gaya min, na kuma wuce lok sun fi ɗari lafiya. Ranar ina gangarowa ni kaɗai wajen Berkhamsted, da yamma, na gaji, na shigar da jirgi na ɗan naɗa igiyar tsakiya sama-sama na tafi ƙofar ƙasa na ɗaga marafai biyu gaba ɗaya don in yi sauri, sai wayata ta yi ƙara na juya baya ina amsawa. Ban fi minti ɗaya ba. Ƙarar kwanuka na ji daga cikin jirgi, farantai suna zubewa, na juyo na ga bayan jirgin ya hau dakali ya zauna, ruwa na ci gaba da sauka hancin na bin ruwan ƙasa, gidana kacokan ya karkata kamar raƙumi zai durƙusa. Ƙafafuna suka ƙi motsi, innalillahi kawai nake ta maimaitawa. Wata dattijuwa da ke tafe da karenta, ashe ita ma mai jirgi ce, ta kwarma min ihu "Sauke su! Sauke su duka yanzu!" ta ruga ta ɗaya gefen ta saki marfi ɗaya ni na saki ɗayan. Ruwa ya tsaya. Na zabura zan je in buɗe na sama gaba ɗaya ta riƙe ni ta ce a'a, kaɗan-kaɗan, in ka sako shi da ƙarfi a kan bayan jirgin zai zuba ya cika ɗakin inji. Muka ɗaga marfin ƙofar sama ɗan kaɗan muka tsaya muna kallo, ruwan na tasowa a hankali, hancin ya fara ɗagowa, can sai na ji wani ɗan gurnani na ƙarfe jirgin ya sauka daga dakali ya yi lilo ya daidaita. Da an ƙara rabin minti ruwa ya shiga ta ƙofar gaba, kuma da ya fara shiga shi kenan, haka jirage ke nutsewa a lok kusan kowace shekara. Abin da na rasa farantai ne da kuma ƙarfen tuƙi da ya fita daga mazauninsa sai da aka zo aka mayar. Matar nan ta kai ni jirginta ta dafa min shayi, ba ta yi min faɗa ba ko kalma ɗaya, ta ce kawai in kana lok idonka a kan jirgi, ko sarauniya ce ta kira ka ta jira. Tun ranar wayata a cikin jirgi take zama in zan yi lok, marfi kuma rabi nake fara ɗagawa in tsaya hannuna a kai.

Na biyunsa a haɗari wani ɗan murfi ne da bai fi faranti girma ba. Kanal ɗin cikin gari cike yake da tarkace, leda, igiya, tsohon wando, waya, na taɓa ciro rabin kafet. In farfela ta naɗo su za ka ji sandar tuƙi na rawa a hannunka inji na nishi jirgi ba ya gaba. Sai ka tsaya ka kashe inji, ka zare mabuɗin ka sa a aljihunka, wannan ba wasa ba ne don hannunka zai shiga tsakanin fukafukan farfela, ka buɗe murfin da ke samanta ka kwanta rub da ciki ka zura hannu har kafaɗa cikin ruwan da ba ka ganin komai kana lalube kana yanka. A watan Janairu minti biyu yatsunka sun daina ji. Dabarar da aka koya min ita ce ka tafasa ruwa a buta ka juye a ramin kafin ka sa hannu, yana ɗan tsayawa a sama ya ba ka 'yan mintuna, sannan ka nemi doguwar safar hannu ta roba mai kaiwa kafaɗa da tsohuwar wuƙar yanka burodi. In kana da ciwo a hannu kar ka sa shi haka nan, fitsarin ɓeraye a ruwan nan na ɗauke da wata cuta mai farawa kamar mura da zazzaɓi ta je ta taɓa hanta da ƙoda, in ka ji zazzaɓi bayan ka taɓa ruwan ka gaya wa likita a jirgi kake zaune. Amma babban abin shi ne in ka gama ka mayar da murfin ka ɗaure shi tamau ka sake dubawa bayan ka tada inji. In ka manta, farfelar da kanta za ta riƙa watso ruwa cikin ɗakin inji kana tsaye a kai ba ka sani ba har sai bayan jirgin ya yi ƙasa. Ni sai na rataya mabuɗin inji a jikin ƙarfen ɗaure murfin, ba yadda za a yi in tada ban taɓa shi ba.

Tuƙin kansa ba wuya, kwana biyu ka gane. Ka tura sanda hagu jirgi ya yi dama, babu birki sai dai ka sa ribas, iyakar gudu mil 4 a awa wato saurin mai tafiya da ƙafa, in kun haɗu da wani kowa ya riƙe damansa duk da a titi ƙasar hagu suke bi. In za ka wuce jiragen da ke ɗaure ka rage wuta sosai. Na san zafin wannan don wata rana na dawo daga aiki na tarar wani ya wuce da gudu ya tumɓuke turakun da na kafa, ƙasar ta jiƙe da ruwan sama, jirgina ya gitta a tsakiyar kanal igiya ɗaya ce ta riƙe shi, maƙwabcin da ban ma san sunansa ba shi ya jawo shi ya sake kafa min ya bar 'yar takarda a ƙofa.

Hunturu shi ne jarrabawar. Ƙarfe ne kewaye da kai zaune cikin ruwan sanyi, numfashinka da tururin girki duk sai su koma raɓa a jikin tagogi, bayan katifa ya yi hunhuna in ba ka ɗaga ta tana shan iska. Maganinsa murhu ne na ƙarfe mai bututun hayaƙi, da kwal da itace, daga Nuwamba zuwa Maris ba na barin wutar ta mutu, da dare in cika shi in rage masa iska ya kwana yana ci a hankali. Kuma a kansa nake ɗora tukunya, wake da farfesun jelar sa da na sayo a Southall su yini suna dahuwa ba tare da na taɓa gas ba, wannan kam daɗi ne da mai gidan bulo bai sani ba. Kwal da man dizal da tukunyar gas mai kilo 13 akwai jiragen 'yan kasuwa da ke yawo da su, ka tura saƙo su tsaya a gefenka su sauke maka buhuna a kan rufi ko ba ka nan ka biya daga baya. A Disamban 2022 sanyi ya yi tsanani kanal ya daskare fiye da sati, ba mai motsi, jirgin kwal ya maƙale a wani wuri, famfon hukuma ya daskare, da dare kana kwance kana jin ƙanƙara na ƙara tana goga jikin ƙarfe. Ba a so ka fasa ƙanƙara da jirgi don tana kankare kwaltar da ke kare ƙarfen, naka da na maƙwabta, sai dai ka sanar da hukuma ka zauna. Jarka nake ɗauka a baro in je in roƙi ruwa. Tsofaffin ma'aikatan ruwa ma irin wannan ce ta gama da sana'arsu, hunturun 1962 zuwa 1963 jiragen kaya suka yi makonni a daskare 'yan kasuwa suka koma mota ba su dawo ba. Daga wannan shekarar da na ji an ce sanyi na tafe, tanki a cike, kaset duka a wofi, buhun kwal biyu na ajiya da ba na taɓawa.

Akwai abin da nake roƙon kowa da girman Allah ya ji. Mu mun san labarin iyalan da suka kwanta da janareta a cikin gida ba su tashi ba. Iskar nan ce dai, kabon monoksaid, ba wari ba launi, kuma jirgi akwati ne rufaffe. Tun 2019 dole ne kowane jirgi mai ɗaki ya sa na'urar da ke kuka in ta ji iskar. Tawa ta taɓa tashina ƙarfe uku na dare, kaina kamar an ɗaure da igiya, na buɗe ƙofofi na fita waje cikin sanyi ina rawar ɗari. Da gari ya waye na gano dalili, tokar murhu ce na kwashe a bokitin ƙarfe na bar ta a ciki don ana ruwa na ƙi fita, ashe garwashi na ci a ƙarƙashinta. Toka waje take kwana, nesa da ƙofa. Kuma ramukan iskar nan da ke jikin ƙofa da rufi, duk yadda sanyi ke shigowa ta nan kar ka toshe su da tsumma.

Wutar lantarki kuwa mu da muka saba da ɗaukewa a gida ba ta ba mu tsoro kamar Turawa. Sola a kan rufi da batura a ɗakin inji, lokacin bazara har ta yi yawa, a Disamba kuwa rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 kuma ko tana nan ba ƙarfi, sai ka tada inji ya yi caji, shi ma an hana daga 8 na dare zuwa 8 na safe saboda maƙwabta. Firij nake kashewa in sa madara da nama a akwati a waje.

Abu ɗaya da ya ba ni wahala a farko alƙibla ce. A Landan kudu maso gabas take, amma kanal lanƙwasa yake, yau tana wajen tagar kicin bayan sati biyu ta koma ƙofar baya, kuma kamfas ɗin waya ruɗewa yake a cikin jirgi saboda ƙarfe ne ta ko'ina. Na yi kwanaki ina sallah ina kokwanto kafin in gane. Yanzu da na ɗaure jirgi a sabon wuri, kafin ma in ɗora shayi, sai in fita in yi nisa da shi taku goma in duba, in sami wata bishiya ko gini in yi alama, in dawo in liƙa ɗan tef a bango. In ta faɗo a gicciye sallaya da ƙyar take shiga tsakanin kujera da murhu amma tana shiga. Abin da bai shiga ba shi ne baƙi, kuma wannan yana ci min rai fiye da sanyi. Mu mutane ne masu zaure, a zo a zauna a ci tuwo a kwana. A nan mutum huɗu sun cika falo gwiwa na gugar gwiwa, ranar sallah sai dai in shimfiɗa tabarma a kan ciyawar gefe in Allah ya sa ba ruwa. Hajiya kuma har yau in mun yi waya ta bidiyo sai ta ce "Kai dai ba ka ji, mutum da hankalinsa ya bar ƙasa ya koma kan ruwa, ka dai riƙa addu'a kafin ka kwanta." Na nuna mata yawancin wurare ruwan bai wuce ƙirji ba, ta ce ko a kwano ne ruwa ruwa ne, kuma gaskiyarta, a lok yana da zurfi da ja, shi ya sa nake sa rigar hana nutsewa in ni kaɗai ne.

Kuɗi kuma, tunda shi ya kawo maganar. E, abin da nake kashewa a wata bai kai hayar da nake biya da ba, ba zan ɓoye ba. Amma lasisin jirgi mai tsawon nawa ya haura fam 1,000 a shekara, kuma tun Afrilun 2024 an ɗora mana ƙari mu marasa matsaya. Ga inshora, ga takardar shaidar lafiyar jirgi duk shekara 4, ga fitar da shi daga ruwa duk shekara biyu ko uku a wanke a shafa kwalta, ga batura da ke mutuwa, ga inji da ke zaɓar ranar da ba ka da ko sisi. Gida yana ƙara daraja, jirgi tsatsa yake yi. Kar ka saya sai an ɗaga shi sama ƙwararre ya auna kaurin ƙarfen gindinsa, kuma kai za ka ɗauko mai aunawar ka biya shi, ba mai sayarwa ba. Sannan mu baƙi akwai maganar adireshi da ɗan ƙasa ba zai tuna ya gaya maka ba, banki, wurin aiki, takardun zama, duk suna son inda za su aiko wasiƙa, ka shirya wannan da wani ɗan'uwa amintacce ko kamfanin karɓar wasiƙu tun kafin ka bar ɗakinka. Likitan unguwa dai a Ingila ana iya rajista da shi ba tare da shaidar adireshi ba.

Na gaya wa ƙanin nan nawa duk wannan a tsaye a bakin masallaci har mutane suka watse. Ya yi shiru ya ce "Toh Yaya me ya zaunar da kai?" Na ce ya zo ya gani da safe a wajen Tring, hazo kwance a kan ruwa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a ɗaya gefen bai damu da kai ba, hasken ruwa na wasa a silin, ba ƙarar mota ba mai gida da zai ƙwanƙwasa ya ce ya ƙara haya. Ya ce zai zo sati na biyu na Janairu, na ce ya taho da safa mai kauri guda biyu. Ni kuma gobe kwanana 14 ke cika a nan, tanki saura kwata, akwai lok uku tsakanina da famfo kuma an ce da rana za a yi iska, don haka da na idar da asuba zan matsa giris a sandar farfela in duba farfelar in kwance igiya.